Girar Hagu ta Hajiya Bilkisu

Jiya da hantsi na ji ɗaya daga cikinku, ku masu koyon kwalliya, tana ce wa 'yar'uwarta wai aikin ƙashin gira ba aiki ba ne, minti biyu an gama, ta gani a waya. Ban tanka ba, don a lokacin ina da fuskar mutum a hannuna, amma maganar ta kwana a raina. Gaskiya ta faɗa, minti biyu ne. Abin da wayar ba ta gaya mata ba shi ne, akwai ranar da wahalar wata baiwar Allah ta shekara ashirin da ɗoriya ta rataya a kan minti biyun nan, ni kuma da nake taƙama da hannuna saura ƙiris in zubar mata da ita. Sunanta Hajiya Bilkisu, babbar ma'aikaciya ce a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya, kuma ɓarin fuskarta na hagu ya shanye ana saura wata guda ta shiga intabiyun zama darakta. Ku ajiye burusan nan ku zauna in ba ku labarinta. Sai dai dole in fara ta inda na faro, in ba haka ba ba za ku gane inda na yi kuskure ba.

Kowace ta ɗora babban yatsanta a ƙasan girarta ta ɗan danna. Wannan tudun da kuka ji shi ne ƙashin gira. Allah ya yi shi rumfa ga ido, kuma shi ne wuri na farko da haske yake sauka a fuskar mutum. In ya fito sarai sai a ga ido a buɗe, mutum kamar ya yi barci ya ƙoshi. In ya dushe sai a ga mutum kamar ya kwana yana jinya, ko da daga hutu ya dawo. Aikinmu shi ne mu taimaki hasken ya sauka inda ya kamata, ba tare da kowa ya san an taimake shi ba.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Akwai konsila, wato man nan mai kauri da ake rufe tabo da shi, amma wanda ya fi fatar mai shi haske da taki ɗaya tak. Akwai hoda mara ƙyalli da ta ɗan fi fatar duhu. Akwai siririn burushi mai faɗin farcen ƙaramin yatsa, da burushin taje gira, da guntun sabulu busasshe. Sai yatsan da ke bin ƙaramin yatsa, wanda ya fi duk yatsu rashin ƙarfi, don haka shi ya fi iya shafa. Akwatina cike yake da tarkace kala-kala, amma in gobara ta tashi waɗannan kawai zan ɗauka.

Ni 'yar Abaji ce. Na shigo Abuja farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da gari ya cika ya batse, kullum sai ka ga an kafa sabon gini, kullum ana taron bita a otal, kowace Asabar biki uku. Wata gwaggona da ke aure a Karshi ita ta kai ni shagon Madam Rahila a Wuse. Madam mutuniyar Filato ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji, doguwa, mai faɗa kamar ta ari baki, amma ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Wata shida na yi ina wanke burushi da share gashi a ƙasa, ko jagira ba ta bari na riƙe ba. Abin da take sa ni kawai shi ne, duk wadda ta zauna a kujera in wanke hannu in taɓa ƙashin girarta, in faɗa mata a ina ya fi tudu. Na wata a tsakiya yake, na wata can wajen wutsiya, na wata kuma a shafe yake sai an lalubo. In na faɗa ba daidai ba sai ta ce, "Asabe, kai ido kake amfani. Ido yana ƙarya. Sa hannu."

Fuskar farko da ta sakar mini ta matar wani akawu ce da za ta suna gidan ƙanwarta a Kubwa. Madam ta fita sayo kaya, ni kuma na ga dama ta samu. Na ɗauko wata hoda mai ƙyallin azurfa da na daɗe ina sha'awa, na shimfiɗa mata tun daga kan hanci har wutsiyar gira, ɓari biyu. A cikin shago, ƙarƙashin ƙwan fitilarmu mai ja-ja, abin ya yi mini kyau har ina jin kaina. Matar ma ta tafi tana murna. Bayan kwana uku ta dawo da hoton sunan a hannu, ta ajiye a gaban Madam. Kowa a hoton mutum ne, ita kaɗai ce kamar motar da ta kunna fitila da rana tsaka. Madam ta kalli hoton, ta kalle ni, ta ce, "In mutane sun ce kwalliyan ya yi kyau, ka faɗi. In sun ce matar ya yi kyau, ka ci." Ta manna hoton a jikin madubina, ya kusa shekara a wurin.

Zamanin reza ne a lokacin. Yayin da ake yi shi ne a aske rabin gira, wani sa'in duka, a zana sabuwa siririya can sama. Madam gwana ce a nan, kuma matan coci da 'yan kasuwa suna tururuwa. Amma akwai wasu mata da suka fara zuwa daga ma'aikatu, 'yan boko, Musulmi, da mayafinsu da jakar takardu, waɗanda da sun ga reza sai su ɗaga hannu. Gashi ko ɗaya ba za a cire musu ba, addini ya hana, kuma ba su zo a yi muhawara ba. Madam ba ta taɓa jayayya da su ba. Sai ta ce, "Ga 'yar'uwanku nan, shi ya san dokan ku," ta turo mini su. Dole ta sa na koyi gyara gira ba tare da na taɓa gashinta ba. In taje gashin sama da ɗan sabulu, in bi ƙasansa da siririn layin konsila in rufe 'yan gashin da suka kauce hanya, in shafe layin da yatsa har ya narke cikin fata. Abin da na ɗauka an jefa mini ne don ba ni da daraja, shi ya zama abincina har yau.

Hajiya Bilkisu cikin waɗannan matan take. A lokacin ta ba hamsin baya kaɗan. Ba ta zuwa sai in tana da babban taro, kuma tana zama za ta buɗe fayil a cinya, in yi ta cewa, "Hajiya, a ɗago kai," tana cewa, "Bari in ƙarasa layin nan." Aikinta ya shafi rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka, kuma mace ce mai gardama, ko a waya ka ji ta da ogoginta sai ka rantse ita ce sama da su. Ina son zuwanta, don ba ta taɓa ce mini in mayar da ita yarinya ba.

Sai shekarar rusau ta zo. Aka shafa wa layin shagunanmu jan fenti, ba a yi wata ba aka kawo motar rusau. Muka kwashe abin da muka iya, madubin ma a hanya ya fashe. Madam ta ce ta gaji, ta tattara ta koma gida. Ni na koma ɗakin gwaggona a Karshi da akwati ɗaya. Masu zuwa wurinmu suka watse, don ba su san inda za su same ni ba, waɗanda suka sani kuma ba mai biyo hanyar Karshi saboda gira. Ga shi wasu 'yan mata sun fara fitowa da sabon salo, gira mai kauri baƙa wuluk kamar an buga da hatimi, kowa ya koma can. Nakan yi sati ban buɗe akwatin ba. Har na fara taya gwaggo tuyar awara a bakin kasuwa, ina cewa a raina wataƙila sana'ar ta ƙare ke nan.

Ina cikin juya awara wata Talata wayata ta yi ƙara. Muryar kamar na san ta, amma maganar tana fita a tauye, kamar mai magana da ruwa a baki. Ta ce, "Asabe, Bilkisu ce. Ki zo gida gobe da safe, da akwatinki."

Na same ta a falonta a Garki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da muka gaisa ta saki mayafin. Ɓarin hagu gaba ɗaya ya sauka. Girar ta faɗo ta danne ido, idon ba ya rufuwa sosai, yana ta zubar da ruwa, gefen baki ya karkace. Na ji tausayinta har cikin ƙashina, amma na riƙe fuskata, don na san ba abin da ta kira ni in yi ke nan ba.

Ta ce sati uku ke nan, da safe ta tashi ta ga haka. Likita ya ce jijiyar fuska ce, yawanci tana dawowa, amma sai a hankali, wata biyu ko fiye. 'Yan'uwa na cewa iska ce, ita ta ce su bar ta da iskarsu. Intabiyun kuwa saura kwana tara, kuma shi ne na ƙarshe gare ta, domin kafin a sake yin wani, shekarunta na aiki sun cika. Ta nuna mini wata takarda a kan tebur, ta ce ta janyewa ce, ta rubuta ta sa hannu, kai wa kawai ya rage.

Na ce, "Hajiya, ai bakinki yana magana, kanki kuma lafiya lau."

Ta ce, "Ba ki gane ba. Shekaranjiya na shiga mitin, na yi bayani na minti goma. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Duk fuskata suke kallo, in na kalle su su sunkuyar da kai. Da na gama kowa ya ce ya yarda. Mutanen da ko gaisuwa na yi sai sun yi mini gyara. Ni ba kyau na kira ki ki yi mini ba, Asabe. So nake in shiga ɗakin nan a saurari abin da nake faɗa. In ba zai yiwu ba ki gaya mini yau, in kai takardar."

Na ce zai yiwu, kuma na faɗa da ƙarfin gwiwar wadda ba ta san abin da ke gabanta ba.

Na buɗe akwati na yi abin da kowace a cikinku za ta yi. Na tafi kai tsaye ɓarin da ya faɗi. Na taje gashin sama, na ɗauki jagira na ƙara layi a saman girar don ta hau, na zuba haske a ƙasanta da yawa don ya tura ta sama. Na ja baya na duba. Tana zaune shiru, gira biyun sun zo kusan daidai. Har na fara yabon kaina a zuci na miƙa mata madubi.

Ta duba, ta ce, "To, ba laifi." Tana buɗe baki aikin ya rushe. Girar dama mai lafiya ta yi tsalle sama kamar yadda ta saba in tana magana, ta hagu kuwa ta tsaya cak inda na zana ta, ga haske na kafa mata kamar ina nuna wa mutane inda za su kalla. Da ba kwalliyar, mutum zai ga mara lafiya. Da kwalliyar, sai ya ga mara lafiyar da take ɓoyewa, wanda ya fi muni. Ita ma ta gani. Ta daɗe tana kallon madubin, ruwa na bin kuncinta, ban san na ciwon ba ne ko na kuka.

Can ta ce, "Kina da reza?"

Na ce ina da ita.

Ta ce, "Aske wutsiyar ki zana ta sama yadda Madam take yi. Allah ya ga dalilina."

Matar da shekara da shekaru ko kusa da ita ba a kai reza. Hannuna har ya kai aljihun akwatin, don ni ma a lokacin ba ni da wata dabara. Sai na fasa. Na ce, "Hajiya, ba zan aske ba. Girar da aka zana ma ba za ta motsa ba, matsalar tana nan. Kuma in na aske, za ki shiga ɗakin nan da abu biyu a ranki maimakon ɗaya. Ranar da fuskar ta dawo kuma, gashin bai dawo ba. Kada garin neman gira mu rasa ido. Ki ba ni zuwa gobe."

Ta ce, "Gobe kawai. Jibi takardar za ta tafi."

Na goge mata fuska na fito. A Nyanya muka faɗa cunkoso, motar ta tsaya cik, ga akwati a cinyata. Wasu mata biyu a kujerar da ke kallon tawa suna ta musu a kan wata surukarsu. Ban san su ba, ba kuma ruwana da surukar, amma na tsinci kaina ina kallon fuskar ɗayar. Sai na lura ba fuskar duka nake kallo ba. Idona yana bin duk inda ya motsa, yana bin duk inda zufa ta sa ya yi ƙyalli. In ta ɗaga gira idona ya tafi can, in ta saki ya dawo. Nan na gane shirmen da na yi. Shekara nawa ina yi wa mata kwalliya ina cewa su yi shiru kada su motsa, alhali ba wanda yake zuwa taro ya zauna shiru kamar hoto. Kuma a fuskar Hajiya, ba ɓarin da ya faɗi ne yake kiran ido ba. Mai lafiyar ne yake tsalle yana ƙyalli, ido ya je can, sannan ya waiwayo ya ga ɗayan bai biyo ba. Tazarar da ke tsakaninsu ita ake kallo. Ba zan iya ɗaga na hagu ya kamo na dama ba, amma zan iya sauko da na dama ya tarye shi a hanya.

Washegari tun kafin rana ta yi zafi ina falonta. Na ce ta ɗauko takardun da za ta yi bayani a kansu, ta karanta da ƙarfi kamar tana gaban kwamitin intabiyun, kada ta tsaya ko me na yi. Ta fara, rijiya kaza a ƙauye kaza, wace ta ƙafe, wace ta lalace don ba a koya wa mutanen garin gyaranta ba. Ni kuma na zagaya ɓarin dama. Na ɗauki hodar nan mai ɗan duhu na bi tudun ƙashin da ita sama-sama, na kashe ƙyallinsa. Na taje gashin girar ya kwanta a miƙe maimakon ya yi baka. Sai ta tsaya da karatun ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Me kike yi? Nan ne mai lafiyar."

Na ce, "Na sani, Hajiya."

Ta ce, "Ɓari ɗaya ya rage mini mai kyau, shi kuma za ki dusashe?"

Maganar ta soke ni, don na san abin da take ji. Sati uku tana kallon madubi tana jingina da wannan ɓarin. Na ce, "Aro za ki ba ni na yini ɗaya. In an wanke yana nan yadda yake. Ci gaba da karatunki, kin tsaya a rijiyar da ta ƙafe."

Ta harare ni da ido ɗaya, ta ci gaba. Na koma hagu. Wannan karon ban taɓa jagira ba. Na lalubo tudun ƙashin da yatsa, nata can wajen wutsiya yake, na ɗiga konsila bai kai ƙwayar gero biyu ba, na shafa sama da waje har ya ɓace, sai ɗan wartsakewa da ya bari. Na goga burushi a sabulu na taje gashin sama. Bakin kuwa ban sa masa komai ba sai man leɓe mara launi, don duk abin da ka yi wa ja ka ce a kalle shi ne. Na ɗan karkato ɗaurin ɗankwalinta ya sauko ta dama. Na ja baya har bakin ƙofa, tazarar da za ta kasance tsakaninta da kwamitin, na tsaya ina kallo tana magana.

Fuskar ba ta warke ba, ba kuma zan yi muku ƙarya ba. Wanda ya ƙura ido zai ga akwai abin da ya same ta. Amma ido ya daina tsalle daga wannan ɓari zuwa wancan. Ina tsaye a wurin sai na ji ni ina mamakin yadda za a haƙa rijiya a bar mutane ba su san gyaranta ba, har na manta abin da na tsaya dubawa. Na gaya mata haka. Ta karɓi madubi ta yi magana a cikinsa, ta sake yi. Ta ajiye, ta ɗauki takardar janyewar ta tura ƙarƙashin fayil.

Sai ta ce, "Ƙarfe goma aka sa mana. Za ki zo da sassafe ki yi mini."

Na ce, "Goman gwamnati, Hajiya? Ku nawa ne?"

Ta ce su goma sha ɗaya ne, kuma ba a san wa za a fara kira ba.

Nan wata matsalar ta taso, wadda duk mai yi wa matanmu kwalliya ta san ta. Azahar za ta yi, za a yi alwala, ruwa zai tafi da aikina. Amare sukan yi alwala kafin a fara, su riƙe ta har yamma. Hajiya kuwa tana shan magani da ruwa mai yawa, ba za ta iya riƙewa ba, kuma ba irin matar da za a ce wa ta jinkirta salla ba ce. Ni ba za a bar ni in shiga ma'aikatar ba. Hanya ɗaya ta rage, ta koya da hannunta.

Kwana bakwai ina zuwa daga Karshi kowace safiya, in tsaya a bayanta hannuwana a goye, don in na sake su sai sun karɓe burushin. Ranar farko ta ɗiba konsila kamar za ta shafa wa biredi. Rana ta biyu ta manta ta haskaka ɓarin dama, saboda hannu ya saba zuwa inda ya fi kyau. Idon hagu yana zubar da ruwa, sai ta tsaya ta tsane shi da auduga kafin ta fara, in ba haka ba komai ya zame. Matar da mutum arba'in suke tashi tsaye in ta shigo ofis, ga ni 'yar tuyar awara ina ce mata, "Goge, sake." Takan ce, "Asabe, ke ko soja." In ce, "Sake dai, Hajiya." Na hana ta babban madubi, na ba ta ƙarami na jaka, don shi za ta samu a can. Na sa ta yi a tsaye, na sa ta yi a banɗaki inda fitila take sama da kai. Ran na shida ta yi shi cikin minti biyu tana ba ni labarin wani ɗan kwangila. Ban ce ya yi kyau ba, na ce ta sake.

Ranar intabiyun na yi mata na safe da hannuna, na zuba mata abu huɗu a ƙaramar jaka, konsila, hoda, burushi da guntun sabulu. Direba ya ja mota, ni na zauna a falon da akwatina, don ta ce in jira ta. Goma ta wuce, azahar ta yi, na yi salla ina tunanin yanzu ruwa yana kan aikina. La'asar ta yi, ba labarinta. Ban taɓa jin tsoro a kan fuskar da ba ta gabana irin na ranar ba.

Sakamakon bai fito ba sai bayan wata uku, kuma ta samu kujerar. Fuskar ma ta dawo kusan duka kafin shekara ta zagayo. Ita ta riƙa turo mini matan ma'aikatarsu ɗaya bayan ɗaya, har na kama wannan shagon da kuke zaune a ciki. Amma duk wannan daga baya ne, a ranar ba wanda ya san shi.

Gab da magariba na ji tsayuwar mota. Ta shigo ta jefar da jaka a kujera, ta zauna ta cire takalmi. Ni girar na fara kallo, halin sana'a. Aikin hannunta ne, ba nawa ba. Hasken ya ɗan zarce wajen wutsiya, da ɗayarku ce ta yi shi da na sa ta goge.

Na ce, "Hajiya, an kira ki?"

Ta ce, "Ni ce ta tara. Sai bayan la'asar. Sau biyu na wanke, sau biyu na mayar."

Na ce, "To, yaya?"

Ta ce, "Shugaban kwamitin ya ce tsarin da na kawo ba zai yi aiki ba. Na ce zai yi. Ya ce an gwada a baya, na ce ba a gwada ba, an dai rubuta cewa an gwada. Wata a gefensa ta shigo, ita ma na ba ta amsa. Muka yi ta yi, minti ashirin aka ba kowa, na fi arba'in. Har ya buga tebur ya ce, Hajiya Bilkisu, ke dai kin cika taurin kai."

Na ce, "Innalillahi. Ashe abin bai yi daɗi ba."

Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi, da rabin bakin da yake iya yi, ruwa yana zuba daga idanun duka biyu. Ta kamo hannuna ta riƙe gam.

Ta ce, "Asabe, wata guda ke nan cur ba wanda ya yi mini faɗa."